Hoki na ƙanƙara: gwaninta ba ta ɗaukar kofi sai da masu taurin jiki

Tun daren 17 ga Yunin 2025 da Florida Panthers ta lallasa Edmonton Oilers da ci 5 da 1 ta sake ɗaukar kofin Stanley, babban kofin hoki na ƙanƙara a Amurka da Kanada, ni da wani abokina da muke zaune gari ɗaya a nan Kanada ba mu daina gardama ba. Dukanmu magoya bayan Edmonton ne, dukanmu mun kwana da baƙin ciki a wannan dare, shekara biyu a jere ƙungiya ɗaya tana raba mu da kofi a wasan ƙarshe. Inda muka saɓa shi ne dalilin faɗuwar. Shi cewa yake: "Mutumina, ai waɗannan da ƙarfin tuwo suka ci. Ba su fi mu iya wasa ba, duka kawai suka iya." Ni kuma na ce masa abin da yake kira ƙarfin tuwo rabin wasan ne, kuma duk ƙungiyar da ta raina shi kallon kofi za ta riƙa yi a hannun wasu. Na ga maganar ta fi ƙarfin hirar mota, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su taɓa zama sun kalli wasan ba, don haka ga yadda yake a taƙaice. Fili ne na daskararren ruwa, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katanga, sama da katangar kuma gilashi mai kauri. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron raga da 'yan wasa biyar, kowa da sandarsa, a ƙafarsa takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa da yake sulɓi da shi. Abin da ake kora wani ɗan faifan roba ne baƙi, mai tauri kamar dutse, nauyinsa wajen giram 170. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Gudun da ake yi ba ya barin mutum ya daɗe a fili, ɗan wasa kan yi kamar daƙiƙa 45 ya fita wani ya shigo, ana cikin wasa ba a tsaya ba. Babbar gasarsa ita ce NHL ta Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 32. Abin da ya fi muhimmanci ga maganata: doka ta yarda ka bangaje wanda yake riƙe da faifan, da kafaɗa ko da ƙugu, ka haɗa shi da katanga. A ƙwallon ƙafa idan abu ya yi zafi ƙwallo kan fita a yi jifa, kowa ya numfasa. A nan babu layin fita. Faifan yana bugun katanga ya dawo, kai ma haka.

Ban fahimci wannan ba sai ranar da na samu kujera a layin farko, dab da gilashi, a wani wasan matasa. A talabijin kusurwar fili ba ta da wani armashi, kyamara ma gaggawar barin ta take yi. A kusa kuwa wata duniya ce. Aka wurga faifan cikin kusurwar da nake, wani ɗan baya ya juya ya bi shi, fuskarsa na kallon katanga, bayansa a buɗe. Na ga ya waiga sau ɗaya, ya waiga sau biyu. Kafin ya taɓa faifan wanda ke bin sa ya iso da dukan nauyinsa. Gilashin ya lanƙwaso kamar zai taɓa mini hanci, ƙarar kuwa sai da na ji ta a haƙorana. Na ga fuskar yaron manne da gilashi, robar kare haƙori ta leƙo daga bakinsa. Ya tashi ya ci gaba da wasa. Amma a zango na uku, da aka sake wurgo faifan wannan kusurwa, bai tsaya ya duba wa zai miƙa wa ba. Yana taɓa shi ya watsar da shi ta gefen katanga don ya tsira da jikinsa, faifan ya faɗa a sandar abokin hamayya, cikin daƙiƙa kaɗan yana raga.

Wanda ya zura shi ne aka kira sunansa a lasifika, shi aka tafa wa. Wanda ya haifar da cin kuwa yana can kan benci yana shan ruwa, babu abin da aka rubuta masa. Tun daga ranar na daina auna ɗan wasan hoki da yawan abin da ya zura kawai.

Aikin mai taurin jiki ke nan, kuma ba a ganinsa a takardar maki. Shi ne yake shiga kusurwa ya fito da faifai. Shi ne yake zuwa ya kafa ƙafa a gaban ragar abokan hamayya, ya tare wa mai tsaron raga gani, alhali ana dukan bayansa da sanda, ana ture shi, ga kuma faifan da abokinsa zai harbo ta inda yake tsaye da gudun da kan haura kilomita 150 a awa. Yawancin ci a manyan wasanni daga wannan ɗan wuri yake fitowa, daga faifan da ya bugi ƙafa ya karkace ko wanda gola ya tare ya suɓuce masa. Wurin ba ya da faɗi, kuma ba a ba da shi kyauta. Sannan shi ne yake kwantawa a gaban harbi ya tare da jikinsa. A 2013 Gregory Campbell na Boston ya tare harbin Evgeni Malkin da ƙafarsa, ƙashin ya karye, ya miƙe da kyar ya ci gaba da tsaro kusan minti guda yana ɗingishi, saboda a lokacin an fitar musu da mutum ɗaya yana zaman hukunci, idan shi ma ya kwanta an bar abokansa uku da mutum biyar. Irin wannan nake nufi idan na ce tauri.

Abokina zai ce to ai a kakar wasa ƙungiyoyi masu sauri da gwaninta ne ke saman teburi. Gaskiya ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. A kaka ana buga wasa sama da 80, yau kana wannan gari jibi kana wancan, kowace rana da sabon abokin karawa. Wanda ka bangaza yau ba za ka sake ganinsa ba sai bayan wata biyu, ya warke ya manta. Zagayen neman kofi ba haka yake ba. Ƙungiya 16 ke shiga, kowace karawa sai wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai, zagaye huɗu, wato sai ka ci wasa 16 cikin wata biyu kafin ka taɓa kofi. Mutanen da ka gani ranar Litinin su za ka gani Laraba, su za ka gani Juma'a. Kafaɗar da ka buga a wasan farko tana nan tana ciwo a wasa na huɗu. Ɗan bayan da ke buga minti 25 a kowane dare, idan duk juyawar da zai yi ya ɗauko faifai sai an haɗa shi da katanga, zuwa wasa na biyar hannunsa ya fara gaggawa, kamar yaron da na gani. Ga shi alƙalan wasa kan ɗaga ƙafa a wannan lokaci, abin da za a busa a watan Nuwamba sau da yawa a kan bar shi ya wuce a watan Mayu. Filin sai ya zama kamar ya tsuke.

Ku dubi Tampa Bay Lightning. A kakar 2018 zuwa 2019 ta ci wasa 62 cikin 82, ta kamo tarihin da Detroit ta kafa a lokacin. Kowa ya gama ba ta kofi. Zagayen farko Columbus, wadda da kyar ta samu shiga, ta share ta wasa huɗu a jere, ko ɗaya ba ta ci ba. Shugabanninta ba su watsar da taurarinsu ba, Kucherov da Stamkos da Point da Hedman duk suka zauna. Abin da suka yi shi ne suka kawo Pat Maroon, ƙato mai nauyi da ke iya riƙe faifai a bayan raga mutum biyu na rataye da shi, sannan a Fabrairun 2020 suka ba da zaɓinsu na zagayen farko a ɗaukar sabbin 'yan wasa don su samu Blake Coleman da Barclay Goodrow. Mutane da yawa sun ce an yi tsada, don waɗannan ba masu yawan ci ba ne. Tampa ta ɗauki kofi a 2020, ta sake ɗauka a 2021. Shi Maroon ɗin kofi uku ya ɗauka a jere, don a 2019 yana St. Louis Blues, ƙungiyar da take ƙarshen teburin NHL gaba ɗaya a farkon Janairu, ta zo ta niƙe kowa da nauyin jiki har ta doke Boston a wasa na bakwai.

Florida kanta ta bi wannan hanya, kuma labarinta ya fi kowanne fitowa fili. A kakar 2021 zuwa 2022 ita ce ta ɗaya a duk gasar da maki 122, wasanta abin sha'awa, ci kamar ruwan sama. Zagaye na biyu Tampa ta share ta huɗu ba ko ɗaya. A Yulin 2022 suka yi abin da ba kowane shugaba ke da zuciyar yi ba: suka ba Calgary Jonathan Huberdeau, wanda ya tara maki 115 (wato ci da taimakon ci) a kakar da ta ƙare, haɗe da ɗan baya MacKenzie Weegar, suka karɓi Matthew Tkachuk. Tkachuk gwani ne, amma gwani mai zama a gaban raga, mai tsokana, wanda ba ya gudun kusurwa. Suka kawo koci Paul Maurice ya sauya salon wasan gaba ɗaya, daga ɗaukar faifai da ado zuwa wurga shi can ciki a bi shi da jiki. A 2023 suka fitar da Boston da ta kafa tarihin cin wasa 65, bayan Boston tana gaba da uku da ɗaya. Suka kai wasan ƙarshe, Tkachuk ya buga wasa guda da karyayyen ƙashin ƙirji, Vegas ta doke su. Shekara biyu da suka biyo baya kun riga kun ji. A 2025 wanda aka zaɓa gwarzon zagayen neman kofi shi ne Sam Bennett, mutumin da aka fi saninsa da bangaza, kuma shi ya fi kowa ci da 15.

Yanzu bari in zo inda nake ba abokina gaskiya, domin akwai ta, kuma ba ƙarama ba ce.

Shekaru da yawa abin da ake nufi da tauri a NHL shi ne dambe. A wannan gasa idan mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama naushi, hukuncinsu zaman minti biyar a wajen fili, su dawo. Saboda haka kusan kowace ƙungiya ta riƙa ajiye mutum ɗaya da zan kira dogari, wanda aikinsa kawai ya rama wa taurari. Philadelphia Flyers ta ɗauki kofi a 1974 da 1975 da wannan salo, Dave Schultz nasu ya tara minti 472 na hukunci a kaka guda, ba a sake yin irinsa ba. A Janairun 1976 ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyet ta fice daga fili ana tsakar wasa da su saboda dukan da ake yi mata, sai da aka lallashe ta ta dawo. A nan Edmonton, Wayne Gretzky, wanda ba a yi kamarsa ba, yana da Dave Semenko a gefensa, duk mai niyyar taɓa Gretzky ya san da wa zai gamu. Da aka sayar da Gretzky ga Los Angeles a 1988, Marty McSorley, shi ma dogari, na cikin waɗanda suka tafi tare da shi. Tsofaffin magoya baya har yau da kewa suke ba da labarin wannan zamani, kuma ban musa cewa tsoro ya yi aiki ba.

Sai dai an biya kuɗinsa da rayukan mutane. Derek Boogaard ya buga wasa 277 a NHL, sau uku kacal ya zura faifai a raga. Ba don wasa aka ɗauke shi ba, don hannunsa ne. Ya rasu a Mayun 2011 yana da shekara 28, sanadin haɗa giya da maganin kashe raɗaɗi, da aka binciki ƙwaƙwalwarsa a Jami'ar Boston aka tarar da cutar nan da yawan bugun kai ke jawowa, wadda ake kira CTE. Kafin watan Agustan wannan shekara ya ƙare, Rick Rypien mai shekara 27 da Wade Belak mai shekara 35, su ma masu wannan aiki, sun bi shi. Bob Probert da ya rasu a 2010 yana da shekara 45, shi ma an samu cutar a ƙwaƙwalwarsa. Sannan al'adar ramuwa ita ta kai Todd Bertuzzi ga naushin Steve Moore ta baya a 2004, ƙasusuwan wuyan Moore suka karye, bai sake buga wasa a NHL ba. Duk lokacin da na tuna cewa dubban mutane kan miƙe tsaye suna ihu yayin da saurayi ke karɓar naushi a kai don ya riƙe aikinsa, raina ɓaci yake. Wannan ba na kare shi, kuma ba na son ya dawo. Tun da aka sa iyakar albashin ƙungiya a 2005, wasan kuma ya ƙara sauri, koci ba ya iya ɓata gurbi a kan mutumin da zai buga minti huɗu ya yi faɗa ɗaya ya zauna. Dogarin ya kusa ƙarewa, kuma gara haka. Bangaza a kai ma an haramta ta tun 2010, duk da ina ganin hukuncin da ake yankewa yakan yi sauƙi da yawa. Idan ɗan Florida ya kai wa mutum gwiwar hannu a kai, laifi ne, a hukunta shi, ba zan kira shi jarumi ba.

Kuskuren abokina shi ne ya zuba waɗannan abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya. Mutumin da ya fi takura wa Connor McDavid, babban tauraron Edmonton, a wasannin ƙarshe na 2024 ba ɗan dambe ba ne. Aleksander Barkov ne, kyaftin ɗin Florida, wanda ya taɓa karɓar kyautar ɗan wasa mafi ladabi a 2019. Ƙato ne, ba a ture shi daga kan faifai, yana manne da kai kamar kaska, sandarsa kullum tana kan taka. McDavid ya tara maki 42 a zagayen neman kofi na wannan shekara gaba ɗaya, har aka ba shi kyautar gwarzo duk da ƙungiyarsa ta faɗi, amma a wasa na shida da na bakwai bai samu maki ko ɗaya ba, Florida ta ci na bakwai 2 da 1. Babu naushi a cikin wannan, nauyi ne da juriya da ƙin ba da taku ɗaya kyauta.

Idan ana neman cikakken misali, ni Jarome Iginla nake kawowa, kuma ba don mahaifinsa ɗan Najeriya ne ba, ko da yake hakan na faranta mini rai. Kyaftin ɗin Calgary ne na tsawon shekaru, abokan gabarmu na jini ke nan, ya zura 625, ya tara maki 1,300. Ba ya buƙatar dogari domin shi ne yake shiga kusurwa da kansa, shi ne yake tsayawa gaban raga, idan aka taɓa ƙaramin abokinsa shi ne farkon zuwa. A wasan ƙarshe na 2004 shi da Vincent Lecavalier na Tampa, taurarin ƙungiyoyin biyu, su suka kama juna da kansu. Ƙungiyar da shugabanta yake haka, ba wanda zai ji kunyar zubar da gumi a cikinta. Kyle Okposo ma, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana cikin Florida ta 2024, ya zo a ƙarshen aikinsa ya karɓi gurbi a layin ƙarshe na 'yan gaba, layin masu aikin wahala, ya ɗaga kofi ya yi ritaya.

Akwai kuma abin da ba a iya aunawa, amma duk wanda ya taɓa aiki cikin jama'a ya san shi. A wasan ƙarshe na 2011, Brad Marchand na Boston ya riƙe rigar Daniel Sedin na Vancouver, wanda ya fi kowa maki a gasar a wannan kaka, yana ta kai masa naushi a fuska bayan an busa. Sedin bai rama ba, yana jiran alƙali, abokansa ma ba wanda ya yi wani abin kirki a kai. Abin da Marchand ya yi rashin kyautawa ne. Amma benci biyu suna kallo, kowa ya karanta abin da ya gani. Boston ta ci wasa na bakwai 4 da 0 a gidan Vancouver. Ban ce naushin ne ya ci kofi ba, mai tsaron ragarsu Tim Thomas ne ya fi kowa aiki. Abin da nake cewa shi ne tauraro yana wasa da sakin jiki idan ya san akwai masu tsaya masa, yana kuma ɗari-ɗari idan ya san shi kaɗai ne. Shi wannan Marchand ɗin Florida ta ɗauko a Maris na 2025, yana da shekara 36, ya zo ya yi ta zura mana faifai a wasan ƙarshe.

Mu kuma 'yan Edmonton da muka ga ana matsa mana, a wasa na uku na karawarmu da Florida a 2025 sai muka ɗauka amsar ita ce faɗa. 'Yan wasanmu suka yi ta bin mutane bayan busa, suna cika wurin zaman hukunci, aka ci mu 6 da 1. Su Florida suna yin nasu kafin a busa, a kusurwa da gaban raga, inda yake da amfani.

Jiya muna shan shayi abokin nawa ya sake tayar da maganar. Ya ce da Zach Hyman bai ji rauni a wuyan hannu ba a karawarmu da Dallas, da labarin ya sha bamban. Na ce na yarda ɗari bisa ɗari, amma ya gaya mini me Hyman yake yi mana. Ya ce ai shi ne ke tsayawa gaban raga, shi ya zura 54 a kakar 2023 zuwa 2024, yawancinsu daga dab da gola, shi ne ke tono wa McDavid faifai daga kusurwa, kuma kafin raunin shi ya fi kowa yawan bangaza a zagayen neman kofi na 2025. Na ce masa to wannan mutumin da kake kewa, shi nake ta ba ka labari tun watan Yuni, Florida tana da irinsa a kowane layi, mu namu ɗaya ya karye muka rasa madadinsa. Ya ɗaga kofin shayinsa ya kurɓa, ya ce duk da haka shi dai ba ya son Bennett.